Jan Sanda Baya a Wasan Golf: Abin da Ido Ba Ya Gani

Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A iyakar sanina, babu wasan da ya gaskata wannan karin magana kamar golf. Mai kallo yakan zuba ido ga lokacin da sanda ta sami ƙwallo, alhali kuwa tun sa'ad da sandar ta fara ja da baya aka yanke wa bugun hukunci.

Da na shiga hannun mai koyarwa, mako biyu cur bai bar ni na taɓa ƙwallo ba. Abin da ya ɗora ni a kai shi ne kafaɗu da hannuwa da sanda su tashi tare kamar abu guda, wuyan hannu ya dakata tukuna. In sanda ta kai daidai ƙugu, sai ta kwanta a miƙe, tana bin layin da ake son ƙwallo ta bi. Daga nan kafaɗu su juya kimanin digiri 90, ƙugu kuwa rabin haka, hannun hagu a miƙe, nauyin jiki ya koma ƙafar dama, ga mai bugu da dama ke nan. Wanda ya fizge sanda ta bayan ƙafafunsa tun farko, tilas ya nemi gyara a kan hanyar saukowa, ga shi kuwa saukowar ba ta kai rabin daƙiƙa ba.

To, me ya sa mutum ba zai koya wa kansa ba? Dalili shi ne duk wannan aiki a bayan ƙeya yake faruwa, ido kuma yana kan ƙwallo. Abin da jiki ya ce ya yi daban, abin da ya yi daban. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ko gwanaye ba su tsira ba. A 1997 Tiger Woods na Amurka ya ci gasar Masters da ratar bugu 12, amma da ya kalli hoton wasansa bai gamsu da yadda sandarsa ke tsayawa a sama ba. Sai ya koma wurin malaminsa Butch Harmon, suka sāke ginin daga tushe. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a jerin gasannin PGA, mutane suka yi ta surutu. A 1999 ya ci 8, a 2000 ya ci 9, uku daga ciki manyan gasanni ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne shekarar 1998. Duk wanda ake gyara wa bugu sai wasansa ya fara lalacewa, domin tsohon hali ya tafi, sabo bai zauna ba. A wannan tsakani yawancin masu koyo kan gudu, su koma gidan jiya. Wanda ya daure ya amince wa idon malaminsa, shi ke ganin ƙwallonsa ta miƙe.