Tsohon Babur Ya Koma Hanya

Manoma da makiyaya, kun san babbar hanyar kwalta da ta ratsa ƙasarmu. Ta bi Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa. Wanda ya sauka daga kanta ya faɗa rairayi. Shi ya sa a shekarun baya malaman gona da na dabbobi suka riƙa hawan Yamaha DT 125, babur mai dogayen ƙafafu da taya mai ƙuraje. Ƙirar Japan ne. A 1974 aka fara fitar da mai wannan suna. Yau baburan Sin da na Indiya sun cika kasuwa. Tsofaffin DT da yawa suna jingine a zaure, kaji na kwana a kansu.

Wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Gazawa ya gaji irin wannan babur wajen ƙanen ubansa. Shekara shida bai tashi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun taya shi da kilo, ya ƙi. Dalilinsa kuwa shi ne, da damina naƙuda ta zo wa matarsa da gardama. Amalanken shanu ya kai su gidan likita, suka yi rabin yini a hanya. Ta sha da ƙyar.

Mahaifinsa ya ce masa: "Kai yaro, sayar da wannan ƙarfe ka sayi tunkiya." Ya durƙusa ya ce: "Baba, a ba ni rani guda. In ruwan shuka ya sauka bai tashi ba, a sayar." Tsoho ya yarda, amma da sharaɗi: ko tiya guda ta hatsi ba za ta fita daga rumbu saboda babur ba. Don haka kuɗin wake da na harawa kaɗai ya ware.

Ya share rumfa nesa da rumbu da murhu, saboda fetur ba ya shiri da wuta. Ya shimfiɗa buhuna a ƙasa. Ya tara gwangwanayen tumatir. Duk abin da ya kwance, sai ya zuba kusoshinsa a gwangwani guda, ya sa lamba: 1, 2, 3. Ranar ɗaurawa daga lambar ƙarshe zai faro ya dawo baya. Ya hana yara taɓawa.

Da tanki ya fara. Cikinsa duk tsatsa. Ya zuba tsakuwa da kananzir ya yi ta girgizawa, ya ɗauraye, ya shanya. Sai karbirato, wurin da fetur ke gauraya da iska. Ƙofofinsa ƙanana ne kamar kafar allura, tsohon fetur ya daskare ya toshe su. Ya jiƙa su, ya hura da famfon keke. Bai tsokane su da waya ba, don ƙofar in ta buɗe fiye da kima babur ya zama mashayin mai.

Da ya buɗe akwatin iska sai ya ga abin da ya kashe babur. Soson da ke tace ƙura ya ruɓe ya zama gari. Ashe inji ya daɗe yana shaƙar rairayi. Rairayi ya shiga silinda, wato tukunyar da fistan ke hawa da sauka a ciki, ya kankare ta kamar an bi ta da dutsen wasa wuƙa. Iska na zurarewa ta gefe, ƙarfi ya tafi.

Ga kuma abu na biyu. Injin DT ba irin na yawancin baburan yanzu ba ne. Su man inji yana kwance a ƙasan inji yana zagayawa. Shi kuwa DT yana ƙona man 2T tare da fetur, shi ne hayaƙin da kuke gani yana fita bayansa. Man yana da ɗan tankinsa daban, da ɗan famfo mai tura shi. Ya tarar tiyon wannan famfo ya tsage. Inji ya yi ta gudu a bushe har fistan ya kama.

A nan ya san iyakarsa. Silinda ba a gyara ta da hannu. Ya naɗe ta a tsumma ya shiga mota zuwa Maraɗi, wajen masu injin sassaƙar ƙarfe. Suka faɗaɗa cikinta da rabin milimita, aka nemo fistan da zobbansa daidai sabon awo. Wani tsohon makanike ya ce masa: "Ɗana, kada ka sayi kaya sai da tsohon a hannunka. Ka aza su ka gwada. Kwali yana ƙarya, awo ba ya yi." Da haka ya sayi soson iska, da tiyo, da buji, da sarƙa tare da faifan haƙoranta na gaba da na baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

Kuɗi suka ƙare, saura taya da birki. Wani ya ce ya hau haka nan, ai ƙauye ne. Ya ƙi. Ya tafi aikin bulo wata guda, ya dawo ya saya. Fenti kuwa bai shafa ba har yau.

Ana saura kwanaki ruwa ya sauka ya gama ɗaurawa. Ya zuba sabon mai a giya, ya cika tankin 2T, ya tace fetur da ƙyalle. Ya taka sau bakwai, shiru. Ya ciro buji ya goge, ya mayar. Da ya sake takawa sai inji ya amsa, hayaƙi ya turnuƙe rumfa. Mahaifinsa ya leƙo, ya tsaya kallo, ya ce: "To, madalla." Makonnin farko a hankali ya riƙa tafiya, don sabon fistan ya zauna. Yana duba bakin buji: in ja-ja ne kamar ƙasa, lafiya, in ya yi baƙi, fetur ya yi yawa, in ya yi fari, inji na zafi, a tsaya.

A daminar nan sau uku aka buga masa ƙofa da dare. Yaro mai zazzaɓin sauro, da tsohuwa, da makiyayin da maciji ya sara. Duka ya kai su gidan likita.

Mai tsohon babur a zaure, duba shi kafin ka ba masu kilo. Sau da yawa ƙura da rashin mai ne suka kwantar da shi. Fara da birki da taya da inji, ado ya jira. Abin da ya fi ƙarfin rumfa, kai shi birni. Lokacin hunturu wanke soson iska kowane mako, ka shafa masa ɗan mai. Sayi hular kwano. Kuma kada gyaran babur ya taɓa abincin gida.