Saƙon Malam Zuwa Dutsen Sarandib

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mun daɗe muna faɗar wannan karin magana ba tare da mun san nauyinta ba, sai da tafiya ta kai mu tsibirin Siri Lanka, ɗauke da wani saƙo na malaminmu wanda muka kasa cikawa yadda ya so.

Asalin maganar tun muna yara ne, a zauren Malam da ke unguwar Sabo ta Ibadan. Bayan an jingine alluna da daddare, yakan ba mu ƙissoshin Annabawa, kuma babu wadda ta fi kama zukatanmu kamar ta saukowar Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Malam ya ce wasu malaman tarihi, irin su Ɗabari, sun ruwaito cewa a kan wani dutse na tsibirin Sarandib aka sauke shi, har sawun ƙafarsa ya zauna a wurin. Yakan ƙara da cewa maganar ba ta cikin Alƙur'ani, ruwaya ce, Allah ne masani. Mu kuwa da tunanin ƙuruciya, tunda wurin horo ne, sai muka zana shi a zuci ƙeƙasasshen faƙo, ba itace ba inuwa, sai ƙaya da kunamu.

Kwanci tashi, a watan Janairu na 2018 aka gayyace mu, mu biyu daga cikin tsofaffin almajiran zauren, zuwa wani taron nazarin harsuna a birnin Kandi. Da muka je sallama, muka tarar tsufa ya kama Malam, idanu sun tafi. Muka shaida masa cewa ƙasar da za mu ita ce Larabawa ke kira Sarandib, Turawa suka kira Silon, kafin ta ɗauki sunan Siri Lanka a 1972. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Yarana, in kun isa ku auna mini sawun nan da taƙinku. Ibnu Baɗuɗa ya ce taƙi 11 ne. Ina so in ji daga bakin wanda na sani." Muka ce, "Allah gafarta Malam, in Allah Ya yarda."

Da aka tashi taro muka shiga jirgin ƙasa daga Kandi zuwa garin Haton, tafiyar kusan sa'a uku. Tun a nan hoton ƙuruciya ya fara rushewa. Jirgin na nan yana murɗawa a gefen tsaunuka, ya shiga kogo ya fita, duk inda ido ya kai kore ne shar, kamar an shimfiɗa darduma. Ga ruwa fari fat yana zubowa daga kan duwatsu, ga gajimare yana yawo a ƙasa da mu cikin kwari. Dardumar nan ganyen shayi ce, wanda aka fara nomawa a 1867, ya kuma maye gurbin kofi bayan cutar da ta auka wa gonakinsa daga 1869. Sai dai ba mu bari kyan ya rufe mana ido ba. An sare dazuzzuka masu yawa kafin a sami gonakin, kuma matan da muka gani suna tsinkar ganye, buhu a baya, jikokin Tamilawan da Ingilishi suka kwaso daga kudancin Indiya ne don ƙodago.

Mota ta kai mu ƙauyen Nallataniya, a gindin dutsen. Tsayinsa mita 2,243, ya yi tsini shi kaɗai kamar malfa. Ba shi ne mafi tsayi a tsibirin ba, amma shi ne mai suna. Mabiya Buda, waɗanda suka fi rinjaye a ƙasar, suna kiransa Siri Pada, suna cewa sawun Buda ne. 'Yan Hindu na cewa na Shiba ne. Musulmi da wasu Kiristoci kuwa na jingina shi ga Annabi Adamu. Lokacin ziyara daga Disamba ne zuwa Mayu, kafin iskar damina ta taso daga kudu maso yamma ta lulluɓe dutsen da ruwa da hazo.

Ƙarfe biyun dare muka fara hawa. Matakala sun haura 5,000, an jera musu fitilu tun daga ƙasa har ƙololuwa, in ka ɗaga kai ka rasa inda fitila ta ƙare tauraro ya fara. Dama da hagu ƙurmi ne baƙi ƙirin, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi da ƙarar ruwa a ƙarƙashin duwatsu. Sanyi ya fi na hunturun Jos. Muka tuna Ibnu Baɗuɗa, wanda ya hau dutsen a 1344, shekara tara kafin ya iso Takadda har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. A zamaninsa da sarƙoƙin ƙarfe ake kama dutse a hau, kuma ya ce ta ƙarshe ana danganta ta da shahada, domin wanda ya leƙa ƙasa daga can, tsoro kan sa shi kalmar shahada. Mu da aka gina wa matakala na siminti ma, gwiwoyinmu rawa suke yi.

Abin da ya hana mu juyawa wata tsohuwa ce, fari sol tufafinta, ba takalmi, 'ya'yanta biyu na riƙe da hannuwanta. Duk inda muka zauna haki sai ta wuce mu. A wata rumfa ɗanta ya miƙo mana shayi mai zafi, bai tambayi addininmu ba, ba mu kuma da harshen da za mu gode masa sai murmushi.

Mun isa ƙololuwa gab da ketowar alfijir. A nan saƙon Malam ya gamu da cikas. Sawun na cikin wani ɗan ɗakin ibada na mabiya Buda, an lulluɓe shi da ƙyalle, jama'a kuwa maƙil, kowa ya matso ya wuce. Abin da muka iya hangowa alamar wani kwarmi ne a jikin dutse, kusan tsawon mutum. Ba halin miƙa hannu, balle awo. Muka koma gefe jiki a sanyaye, muka sami lungu muka ba da farali.

Can sai gabas ta yi ja, ta koma ruwan zinariya, rana ta ɓullo a bayan tsaunuka. Muka ga mutane na rububin komawa yamma, muka bi su. Mai karatu, a nan alƙalami ya gaza. Inuwar dutsen ce ta miƙe a kan hazo, siffar dala mai kusurwa uku, gefunanta a miƙe sambal kamar an ja su da zare, alhali shi dutsen kansa ba haka ya daidaita ba. Tana tsaye a sarari kamar wani dutse na biyu. Rana na ɗagawa tana matsowa tana ƙanƙancewa, har ta shige gindinsa ta ɓace.

A saukowa ne muka ga abin da duhu ya ɓoye mana. Itatuwan ƙurmin gajeru ne, a murɗe, gansakuka ta rufe su, kowane reshe na ɗigar da ruwa ko da ba a yi ruwan sama ba. Su ke tare gajimare su tatse shi, ƙasa ta tsotse kamar soso, ta riƙa saki sannu a hankali. Daga wannan yanki ne kogunan Kelani da Kalu da Walawe suka samo tushe. Kelani ke shayar da birnin Kolambo, Kalu kuwa ta ratsa Ratnapura, garin haƙar yaƙutu. An kuma sa dajin cikin wuraren gado na duniya a 2010. Amma kuma mun ga robobin ruwa da ledoji warwatse a bakin hanya, mun ji kunya, domin a aljihunmu ma akwai irinsu.

A hanyar dawowa gida gardama ta kaure tsakaninmu. Ɗayanmu ya ce mu faɗa wa tsoho taƙi 11 ne, ya ji daɗi, wa zai ƙaryata mu? Ɗayan ya ce wanda ya koya mana bambanta nassi da ruwaya bai cancanci ƙarya daga bakinmu ba. Ta biyun muka bi.

Muka durƙusa gabansa muka ce, "Allah gafarta Malam, mun hau, amma ba mu auna ba." Muka kwashe labari duka muka ba shi: ƙyallen, da tsohuwar, da inuwar, da itatuwa masu tatsar gajimare, har da ledojin. Ya tambaya ko mutanen ƙasar ba sa faɗa. Muka ce sun yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009, an yi asarar rayuka masu yawa, amma a kan matakalan nan ba mu ga mai harara ba.

Malam ya jinjina kai, ya ce, "Da kun kawo mini lissafi, da na ƙaru da lamba ɗaya. In ruwayar nan ta inganta, wanda aka sauke a irin wannan wuri ba korar ƙiyayya aka yi masa ba, amana aka ba shi. Ni na koya muku ƙissar, amma ban taɓa kawo wannan a raina ba." Sannan ya ce mu maimaita masa zancen itatuwan, a hankali.

Tun daga ranar muka daina kallon duniya a matsayin kurkuku kawai. Har yau ba mu san ko sawun wane ne a kan dutsen ba, kuma taƙinmu bai taɓa shi ba. Abin da muka sani shi ne, kowannenmu na barin nasa sawun a duk inda ya taka, a bakin rafi ko a gindin itace. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.