Idan Ƙarfe Ya Cije

Sanin kowa ne cewa duk abin da ɗan'adam ya ƙera da ƙarfe yana da maƙiyi wanda ba ya barci, wato tsatsa. Manomi ya san ta a bakin fartanya, uwargida ta san ta a gindin kwano, amma babu wanda ya san sharrinta kamar makanike, domin shi ne ake kira idan ta haɗe ƙarafa biyu da aka yi su don su rabu. A irin wannan hali ne Bahaushe yake cewa ƙarfe ya cije, kuma yadda ake lallashin ƙarfen da ya cije ilimi ne mai zaman kansa wanda ba a rubuta shi a allo ba.

Babur mai ƙafa uku ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera irinsa a 1948, daga baya kamfanin Bajaj na Indiya ya yaɗa shi. A Amurka kuwa, kamfanin Honda ya fitar da wani samfuri na ratsa daji a 1970, wanda aka daina sayar da sababbinsa a 1988 saboda yawan kifewa. A Nijeriya, jama'a sun laƙaba masa suna Keke Napep daga shirin yaƙi da talauci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001, Kanawa kuma suka kira shi Adaidaita Sahu, da sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A ƙauyuka kuwa, wanda ya fi amfani shi ne na ɗaukar kaya, mai gaba irin na babur da bodi a baya. Wannan shi ne jakin zamani.

Irinsa ne wani ƙanena, ɗan baffana, yake da shi a 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, tsoho ne tukuf, amma da shi ake ci da iyali. Wata kaka da na je ganin gida, na tarar an ɗora gabansa a kan kututture, buhunan waken soya kuma suna jibge a zaure suna jiran a kai su Tsafe. Boris ɗin tayar gaba ne ya mutu, kuma ba a iya sauya shi sai an zare shaf, wato sandar ƙarfen da take ratsa cibiyar taya ta riƙe ta tsakanin ƙafafun shokazoba biyu. Noti ya kwance lafiya lau, amma shaf ya ce ba inda za shi. "Yaya," in ji ƙanena, "mai bashin taki ya aiko sau biyu, ga kuɗin makarantar yara." Daɗin daɗawa, tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankin, tafiya Gusau neman sabon ƙarfe ta zama abin da mutum yake auna shi sau biyu kafin ya ɗaura niyya.

Yaron makanike, matashi mai jini a jika, ya ɗauko babbar guduma zai kai wa shaf ɗin duka. Maigidansa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya riƙe masa hannu ya ce, "Ajiye, ɗana. In ka doke shi yanzu, kansa zai baje kamar laima, ramin da ya shiga ta ciki ba zai sake fita ta nan ba." Sa'an nan ya juyo gare ni ya yi mini bayanin da ban taɓa mantawa da shi ba. Da damina, in ji shi, keken yana ratsa ƙoramu, ruwa ya shige tsakanin shaf da bututun da ke kewaye da shi, giris kuwa ya daɗe da bushewa. Masana kimiyya sun tabbatar da abin da ya gano da hannunsa: tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, saboda haka sai ta cike ɗan sararin da maƙera suka bari, ta matse ƙarafan biyu kamar an yi musu walda.

Aikin ya ɗauki yini biyu, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Da farko ya kankare tsatsar da ido ke gani, ya ɗiga kananzir gauraye da baƙin mai a kowace mahaɗa, ya ce a bar shi ya kwana, domin mai ba ya ratsa tsatsa da gaggawa. Da gari ya waye ya kafa sifana a kan shaf ɗin, ya ƙara mata tsawo da bututu, ya riƙa murɗawa dama da hagu a hankali, ba don ya zare shi ba, sai don ya karya ƙullin tsatsar. Da ya ji bai motsa ba, sai ya sa aka cire tankin mai, aka goge kananzir tas, aka kira mai walda ya gasa ƙarfen da ke kewaye da shaf, ba shaf ɗin kansa ba. Hikimar ita ce ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce, wannan buɗewa da tsukewa kuwa ita ke farfasa tsatsa. Bayan ya huce aka sake ɗiga mai.

Sai a lokacin ne guduma ta sami izini. Ya mayar da noti ya daidaita shi da bakin shaf don kada zaren ya lalace, ya tokare ƙafar shokazoba da katako don kada ta lanƙwashe, ya ɗora guntun tagulla a kan notin, sa'an nan ya riƙa bugu ƙanana a jere. Can sai muka ji wata 'yar ƙara, jan gari ya zubo ƙasa. "Alhamdu lillahi, ya saki, Malam," in ji shi. Da ya ƙi, da sai zarto, a yanke shi a sayo sabo. Kafin ya mayar da shi, ya goge shi ya shafe shi da giris, yana cewa giris na ɗan kuɗi kaɗan da aka hana shi a bara shi ne ya ci yini biyu a bana. Washegari waken soya ya isa Tsafe.

A matsayina na ɗalibin harshe, kunnena bai huta ba a wannan zama. Kalmomin sifana da giris da noti duk aro ne daga Ingilishi, amma Hausa ta yi musu kwaskwarima: ta raba baƙaƙen da suka yi cincirindo da wasali, ta mayar da p ya koma f, ta ƙara wasali a ƙarshen noti. Aikatau kuwa namu ne na gado. Ciza ya koma cije, kamar yadda kafa ya koma kafe, a ajin da F. W. Parsons ya kira na huɗu a rabe-raben aikatau da ya gabatar a 1960, ajin da ke nuna aiki ya kai matuƙa. Ga misalan darasin nahawu a bakin makanike, kuma malamin da ya kai su aji zai ga yadda idanun ɗalibai ke buɗewa.

Babban abin da nake son malamin gobe ya riƙe shi ne tsarin aikin. A kowane aji akwai yaron da ya cije: ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba, an yi tambaya ya sunkuyar da kai. Wannan cijewa ba a yini ɗaya ta samu ba, tsoro da dariyar 'yan aji da rashin kulawa ne suka taru shekara da shekaru. Bulala a kansa tamkar gudumar yaron makanike ce, tana baje shi ne inda ya maƙale. Malami na ƙwarai yakan fara da gano inda matsalar take, ya sassauta ta da sakin fuska, ya jarraba yaron da ƙaramin aikin da zai iya, ya ba shi lokaci, sa'an nan ya matsa masa daidai ƙarfinsa. Wanda kuma aka ba ajin farko na firamare, ya sani a hannunsa giris yake, kuma ɗan abin da ya shafa a wannan shekara shi zai hutar da malamai biyar da ke bayansa.