Zuwa ga 'yata da ke Shikago

Uwata,

Gwaggonki ta zo tana mita, wai mun tura ki Amurka karatu kin ɓuge da hidimar 'yan ƙwaya, 'yan ƙwayar ma ba namu ba, mutanen Meziko da Fotoriko. Na bar ta ta gama. Ga amsata a fili, ita ma ta gani.

Tsarin Oxford House da kike taya buɗe gidajensa ya faro ne a 1975 a jihar Maryland. Babu likita a ciki, babu mai gadi. Waɗanda suka daina shaye-shaye ne ke kama gida, su raba kuɗin haya, su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'a, wanda kuma ya koma wa kwalba ko allura ya tattara komatsansa. Sai dai 'yan asalin Latin Amurka ba su cika shiga ba, shi ya sa masu bincike na Jami'ar DePaul, nan garinku, suka gwada gidajen da za a zauna da Sifaniyanci da al'adun mutanen.

Ni ban ga abin mamaki ba. Magidanci ya wuni yana leburanci da guntun Turancinsa, da dare a ce ya tashi gaban maza ya faɗi yadda ya sace kuɗin mahaifiyarsa ya sayi hoda. Da wane baki? Wannan magana sai da harshen da aka yi masa faɗa yana yaro. Mutane ne masu dangi kamar mu, masu girmama babba, masu son a zauna a ci wake da shinkafa tare kafin a shiga zance. Kada ki riƙa shiga da takarda a hannu kina jero tambayoyi. Ki zauna, ki ci abin da aka ba ki, ki tambayi lafiyar tsohuwarsa.

Abu ɗaya nake tsoro. A Meziko akwai gidajen da suke kira aneso, wasu sun ceci rayuka, wasu an kama su da duka da kulle mutane. Mu ma mun san gidan mari; ba mu manta waɗanda 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a Rigasa a 2019 ba. In kin ga an wulaƙanta wani da sunan al'ada, ki kai ƙara, kada kunyar baƙunta ta hana ki.

Ki dage da koyon Sifaniyancin. Ummanki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta ranar Juma'a.

Babanki