Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ya ku 'yan makaranta, yau ina so mu dubi wata kalma ta Turanci wadda ta taɓa ba ni kunya tun ina yaro, watau "identical". Da yawa cikinku sun gamu da ita wajen karatu, sun ɗauka ma'anarta kama kawai. To, ta fi haka nauyi.

Sa'ad da na ke makarantar kwana aka raba mana barguna, kowa ɗaya, duka jajaye, daga ɗauri guda aka kwanto su. Ran nan da hunturu na nemi nawa na rasa. Ina cikin dube-dube sai na hangi wani bisa gadon wani yaro baƙo. Na sheƙa wurin malaminmu na Turanci, don in nuna masa na iya, na ce bargon da ke gadon yaron nan "identical" ne da nawa. A makon nan muka koyi kalmar.

Malam ya dube ni ya ce, "Yaro, kalman nan baki biyu gare ta. Kana nufin naka ne, shi ɗin dai, ko kuwa irinsu ɗaya?" Na yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Akwai wata shaida jikin naka?" Na ce akwai ƙunar fitila a gefe guda. Aka warware bargon, babu ƙuna. Kashegari aka tsinci nawa bayan katanga, inda na shanya shi iska ta kayar. Amma kafin nan rabin makaranta sun ji an ce baƙon nan ɓarawo ne. Na roƙe shi gafara ya yafe, duk da haka har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawa na da, inda "idem" ke nufin shi ɗin dai. A Turanci aikinta biyu. Na fari, abu guda tak wanda aka sake gani, kamar a ce wuƙar da ta ɓace jiya ita ce wannan. Na biyu, abu biyu da suka dace ta kowace fuska, har ba a iya rarrabe su. Ni na faɗi na biyun, alhali na farin ke cikin zuciyata.

Ku lura kuma da 'yan'uwanta. In abu biyu sun yi kama amma da bambanci, kamar doki da alfadari, sai a ce "similar". In ƙimarsu ce ɗaya sai a ce "equal". A kuɗinmu na da, kafin zuwan naira a 1973, sule ɗaya daidai ya ke da kwabo 12, amma wa zai ce siffarsu ɗaya? Ita kuwa "identical" ba ta son ragi ko ƙari, don haka masu kiyaye harshe ba su cewa wannan ya fi wancan zama "identical".

Anya, akwai abu biyu a duniya da suka cancanci wannan suna sosai? Wani shaihin malami na Jamus, Leibniz, wanda ya rasu a 1716, ya ce babu. Ya ba da labarin wani bafade da ya yi musun haka, ya yi ta yawo cikin lambu yana neman ganye biyu iri ɗaya sak, har ya gaji bai samu ba. Ko tagwayen da Turawa ke kira "identical twins", watau waɗanda suka fito daga ƙwai guda da ya rabu biyu cikin mahaifa, zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne. Uwarsu kuwa ba ta ɗaukar Hassan a kan Husaini.

Kada ku ce wannan wasan malamai ne. A 1896, a birnin Landan, mata da yawa suka rantse gaban alƙali cewa wani mutumin Norwe mai suna Adolf Beck shi ne ya yaudare su ya karɓe musu zobba. Aka yanke masa ɗaurin shekara 7. A 1904 aka sake kama shi a kan irin wannan laifi, yana tsare sai ga ainihin mai laifin ya shiga hannu. Ashe kama ce kawai, ta furfura da gashin baki. Aka saki Beck, aka ba shi diyyar fam 5,000, amma wa zai mayar masa da shekarunsa? Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar laifuffuka a Ingila a 1907.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kalman nan ta zo bakinku, ku tsaya ku tambayi kanku tambayar da malam ya yi mini: shi ɗin ne, ko irinsa? In ba ku ga ƙunar fitila ba, ku ce "similar" ku huta. Allah ya tsare mu da shaidar zur, amin.