Rigar Sanyi Domin Kan Dutse

A ƙasar Siwizalan, inda muke zaune da iyalina, makarantu da yawa sukan kai yara kan duwatsu mako guda a lokacin sanyi, domin su koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da ɗiyarmu ta kawo takarda daga makaranta, abu na fari da aka rubuta shi ne rigar sanyi mai kauri. Kuɗin irin wannan riga ba kaɗan ba ne, lafiyar yaro kuwa ta fi kuɗin. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗa muku abin da na koya wajen zaɓenta.

Sanyin kan dutse dabam ne da na gari. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Garin Davos kansa yana bisa mita 1,560, inda ake zamiyar kuwa har ya wuce mita 2,800. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, sai makyarkyata ta kama shi, tunaninsa ya rikice, har yakan kai ga rasa rai.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Riga ba ta da zafin kanta ko kaɗan. Jiki ne yake yin zafi, aikin riga kuwa ta tsare iskar da jiki ya ɗumama, kada ta tsere. Saboda haka a bar duban launi da sunan kamfani tukuna, a fara tambayar abin da aka cusa a ciki.

Iri biyu ne. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko na dinya. Wani Ba'amurke, Eddie Bauer, ya yi rajistar rigar da aka ɗinka da shi a 1940, bayan sanyi ya kusa hallaka shi a wajen kamun kifi. Gashin nan ba shi da nauyi, yana da ɗumi ƙwarai, amma in ya jiƙe sai ya dunƙule, ɗuminsa ya tafi. Na biyu zaren roba ne, irin su Thinsulate da PrimaLoft. Ya ɗan fi nauyi, amma ko ya jiƙe yana riƙe da ɗumi, yana kuma bushewa da sauri. Yaro mai koyo yakan faɗi sau da yawa cikin ƙanƙara, don haka na zaren roba muka ɗauka.

Sa'an nan sai bayan rigar. Dole ya hana ruwa da iska shiga, ya kuma bar gumi ya fita, gama mai zamiya yana gumi sosai, daga baya ya zauna shiru a kan kujerar da take kai shi bisa dutse, iska tana bugunsa. Ruwa yakan janye zafin jiki wajen sau 25 fiye da yadda iska take yi. Dalili ke nan ba a sa rigar auduga a ciki, domin auduga takan sha gumi ta riƙe. Ulu ya fi. Masu sayarwa sukan rubuta lamba a jikin riga, kamar milimita 10,000, watau ƙarfin hana ruwa ke nan. A duba kuma ko hularta za ta hau kan hular kwano, hannuwanta kuma su rufe wuyan hannu in yaro ya miƙa su sama. Kada ta matse, gama inda babu wurin iska babu ɗumi.

Sabuwa ba tilas ba ce. Mun sami tamu a gwanjo, wadda wani yaro ya girme ta, zif ɗinta lafiya lau, ɗinkinta bai ɓare ba.

'Yan'uwa, Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan bukata ba. Manzo Bulus, yana kurkuku, ya roƙi Timoti ya kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa, ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Yakubu kuma ya tsawata wa mai bin da yake sallamar ɗan'uwa mara tufa da fatan alheri kaɗai. A ajin ɗiyarmu akwai yaran baƙi waɗanda iyayensu ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ba su kuwa san abin da za su saya ba. Matan ikkilisiyarmu suka tara rigunan da 'ya'yansu suka girme, suka wanke, suka gwada wa kowane yaro tasa kafin ranar tafiya.

Bari kowane gida ya buɗe akwatinsa kafin sanyi ya sauko, ya ga ko akwai rigar da take kwance wadda za ta rufe ɗan maƙwabci. Ubangiji ya ba mu idon ganin bukatar juna. Amin.