Ƙullin Shayi Uku a Kawo

Ran Asabar da sassafe, cikin hunturu, na sauka a tashar Kawo. Na zauna a bencin wani dattijo mai shayi, na fito da ƙulli uku na baƙin ganye da abokina ya yi mini tsaraba. Na ce, "Baba, a dafa mana kowane dabam, ba madara, ba sukari."

Ya yi dariya. "Malam, magani za mu sha?"

Na Kericho ta ƙasar Kenya ya fito ja wur, yana kama harshe kamar goro. Na Silon, wato Sri Lanka, bai kai shi kauri ba, amma ƙanshinsa sai ka ce ɓawon lemo. Na ukun namu ne, daga Kakara a tsaunin Mambila, Jihar Taraba, inda sanyi yake sa ganye ya girma a hankali. Ɗacinsa kaɗan ne, ga laushi a maƙogwaro.

Dattijon ya kurɓi namu, ya yi shiru. Sa'an nan ya ce shekara 30 yana dafa shayi, bai taɓa ɗanɗana shi tsura ba, balle ya san ana noma shi a ƙasarmu.

Kai fa, mai karatu? Gobe kafin ka zuba madara, kurɓa tukuna.